Hasken da ke bin sawun maganin kansa har cikin ƙwayar halitta

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin saman Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina a lokacin aikin Hajji ya san yadda zauren ɗaukar kaya ke kasancewa idan jirgin alhazan Najeriya ya iso. Jakunkuna ɗaruruwa, launi ɗaya, girma ɗaya, domin hukumar alhazai ta jiha ce ta raba su. Wata ta ɗaura tsumman atamfa a hannun tata, wani ya rubuta sunansa da na ƙaramar hukumarsa da manyan baƙaƙe. Sabon ginin filin, wanda aka fara aiki da shi a 2015, an tsara shi ne don fasinjoji miliyan 8 a shekara, saboda haka babu mai lokacin buɗe kowace jaka. 'Yar takardar nan da ake liƙa wa jaka tun daga Kano ko Sakkwato ita ce ke cewa jakar wane ce.

Takardar kuwa tana iya yin ƙarya. A watan Disamba na 2018 jami'an Saudiyya suka kama wata ɗalibar jami'a daga Kano a masaukinta a Madina, ta zo Umra tare da mahaifiyarta, saboda an sami ƙwayoyin taramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ke liƙa sunayen matafiya a kan kayan da ba nasu ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya ke iya kaiwa ga kisa.

Masu binciken magungunan kansa ma sun daɗe suna fama da matsalar alamar da ake liƙa wa abu, sai dai tasu tana faruwa ne a wurin da ido ba ya kaiwa. A wannan fili na Madina aka jefo mini tambayar da ta sa na koma na karanta yadda suka shawo kanta.

Na raka kawuna Umra ne. Yana da sankarar jini irin mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CML, kuma ya yi shekaru yana shan ƙwayar imatinib mai miligiram 400 kullum. Da yake a kantin magani nake aiki a Ingila, ni dangi suka damƙa wa amanar magungunansa. Na bar su cikin kwalinsu na asali, na haɗa da takardar likita, domin Saudiyya ba ta wasa da abin da matafiyi ya shigo da shi, ƙasar da ko goro hukumar alhazai ke gargaɗin kada a kai. Jami'in kwastan ya duba kwalin, ya duba takardar, ya gwada sunan da na fasfo, ya yi mana nuni mu wuce.

Muna zaune muna jiran mota sai Kawu ya ce, "Ɗan nan, shi wannan bawan Allah ai kwali kawai ya karanta. Da alli ne a ciki fa?"

Na ce, "Kawu, haka ake yi a ko'ina."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai da ka yi karatun, in na haɗiye shi, wa ya taɓa ganin inda yake zuwa?"

Tambayoyi biyu ke nan, kuma abin mamaki haske ɗaya ne ke amsa su. Bari in fara da ta biyun.

Maganin da ba a gani

Tun 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu wannan cuta suna da wani gajeren zaren gado a ƙwayoyin jininsu. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa zare na 9 da na 22 ne suka yi musayar guntaye. Musayar tana haifar da wani furotin, BCR-ABL, wanda ke umartar fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa babu tsayawa. Imatinib, da Amurka ta amince da shi a 2001, yana shiga ne ya toshe wannan furotin. A babban gwajin da aka bi marasa lafiya sama da shekara goma, kimanin kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka fara wa magani da shi suna raye bayan shekara 10. Cutar da a da ke kashewa cikin 'yan shekaru ta koma abin da ake zama da shi.

Amma kafin ya toshe furotin ɗin, dole maganin ya shiga cikin ƙwayar halitta, ya kuma isa inda furotin yake. Ƙwayar halitta ƙanƙanuwa ce, sai an jera kusan ɗari kafin su cika milimita ɗaya, amma cikinta gida ne mai ɗakuna: akwai inda ake ajiye bayanan gado, akwai inda ake samar da kuzari, akwai jujin da ake kai shara. Shi kuwa maganin ba shi da launi, kuma madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsa.

Hanyoyi biyu aka saba bi. Ta farko, a tara ƙwayoyin halitta miliyoyi, a markaɗa su, a auna yawan maganin da ke ciki. Wannan tana ba da adadi, ba ta faɗin wuri. Kamar a ce maka alhazai dubu sun sauka a Madina yau, ba tare da an gaya maka nawa ne suka isa masauki, nawa ne kuma ke tsare a ɗakin bincike ba.

Ta biyu, a ɗaura wa maganin wani rini mai ƙyalli idan an haska shi, sai a bi ƙyallin. Nan ne gizo ke saƙar. A ma'aunin masu ilimin sinadarai nauyin ƙwayar imatinib ɗaya kusan 494 ne, su kuma rinukan da ake amfani da su suna farawa daga sama da 300, wasu su wuce 1,000. Kenan an rataya wa akuya ƙararrawa mai nauyin akuyar, ana so a ga inda take kiwo. Rinin yana iya canza yadda maganin ke ratsa fatar ƙwayar halitta, da ɗakin da zai faɗa, wani lokaci ma ya ɓalle ya yi tasa tafiyar, mai bincike yana bin sa yana zaton magani yake bi.

Ƙwanƙwasa tukunya

Matar da ta je sayen tukunyar ƙasa ba ta tambayar mai sayarwa ko tana da tsaga. Ƙwanƙwasa ta take yi da yatsa ta saurara. Abin da Chandrasekhara Venkata Raman ya gano a Kalkata ranar 28 ga Fabrairun 1928, tare da ɗalibinsa K. S. Krishnan, ya yi kama da haka, sai dai da haske ake ƙwanƙwasawa.

Kowane sinadari ƙananan ɓurɓushi ne da aka ɗaure juna, kuma kowane ɗauri yana karkarwa da irin saurinsa. Idan aka haska sinadarin da haske mai launi ɗaya tak, kusan duk hasken da ya warwatsu yana dawowa da launinsa. Amma ɗan kaɗan, kimanin ɗaya cikin miliyan goma, yakan bar wani ɓangare na ƙarfinsa a jikin ɗaurin, ya dawo da launin da ya ɗan sauya. Idan aka auna waɗannan sauye-sauye aka zana, sai a sami jerin tudu da kwari wanda ya keɓanta da wannan sinadari, kamar zanen yatsa. Raman ya karɓi kyautar Nobel a 1930, kuma har yau Indiya na bikin ranar kimiyya ta ƙasa a 28 ga Fabrairu.

Masu karatu da ke zaune a Turai mai yiwuwa sun taɓa tsayawa gaban wannan haske ba su sani ba. A filayen jiragen sama da dama, idan uwa ta zo da madarar jariri ko ruwan magani, akan sa kwalbar cikin wani akwati, bayan daƙiƙoƙi kaɗan a miƙo mata. Wasu daga cikin akwatunan da hasken Raman suke aiki, ta wata dabara da aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Rutherford Appleton da ke Ingila, wadda ke karanta abin da ke cikin kwalba ba tare da an cire murfi ba.

Matsalar hasken Raman ita ce rauninsa. Ɗaya cikin miliyan goma ba abin da za a yi saurin ɗaukar hoto da shi ba ne, ƙwayar halitta mai rai kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya ta jira ka. A 2008 rukunin Farfesa Sunney Xie na Jami'ar Harvard ya wallafa wata hanya a mujallar Science. Maimakon leza ɗaya sai a haɗa biyu, a daidaita su ta yadda bambancin da ke tsakaninsu zai yi daidai da saurin karkarwar ɗaurin da ake nema. Wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san sirrin: in turawar ta dace da lokacin dawowar lilon, da ƙaramin ƙarfi zai yi sama. Siginar ta ƙaru ninkin-ba-ninkin, hoton da ke ɗaukar dogon lokaci ya koma na daƙiƙoƙi.

Abin da aka gani a juji

A 2014 Dan Fu da abokan aikinsa a rukunin na Harvard, tare da masana daga kamfanin Novartis mai yin maganin, suka juya wannan na'ura kan imatinib da ɗan'uwansa nilotinib a cikin ƙwayoyin halitta masu rai, babu rini, babu komai. Sun wallafa sakamakon a mujallar Nature Chemistry. Magungunan biyu ba su bazu ko'ina daidai ba. Sun taru ne a wasu 'yan ɗigo-ɗigo, wato laisosom, jujin da ƙwayar halitta ke narkar da shararta. Yawan maganin a cikin waɗannan 'yan buhuna ya ninka na waje fiye da sau 1,000.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cikin laisosom akwai tsami sosai, kusan 4.5 zuwa 5 a ma'aunin tsami, alhali sauran jikin ƙwayar yana wajen 7.2. Imatinib yana ratsa fatar buhun ya shiga cikin sauƙi, amma da zarar ya haɗu da tsamin sai ya ɗauki cajin lantarki, kuma abu mai caji ba ya iya ratsa fatar ya fito. Shiga da sauƙi, fita da wuya. Christian de Duve, ɗan Beljiyam da ya gano laisosom a 1955, ya yi bayanin irin wannan tarko tun 1974. Abin da ya bambanta aikin 2014 shi ne an ga maganin kansa, a wurin, an kuma ƙirga shi. Shi nilotinib har ya zarce abin da lissafi ya nuna, domin ba ya narkewa sosai, sai ya riƙa daskarewa a ciki.

Daga nan sai wani tsohon sani ya shigo labarin. Kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro mai ɗacin nan da ya sa da yawanmu susa har gari ya waye, shi ma a laisosom yake taruwa, kuma yana rage tsamin wurin. Da masu binciken suka zuba shi tare da imatinib, maƙalewar imatinib a juji ta ragu fiye da sau goma.

A nan dole in ja burki, domin na san mu. Wani zai karanta wannan ya aika saƙon murya gida cewa a haɗa wa mara lafiya da kulorokwin. Kada a yi. An ga wannan ne a ƙwayoyin halitta da ke cikin faranti a ɗakin gwaji. Da likitoci a Glasgow suka jagoranci gwajin haɗa imatinib da ɗan'uwan kulorokwin, wato haidiroksi-kulorokwin, a jikin masu CML, sakamakon da suka wallafa bai nuna bambanci mai gamsarwa ba bayan shekara guda. Kulorokwin kuma yana iya taɓa bugun zuciya, dogon shan sa yana lalata ido. Su kansu masana ba su gama sabani kan ma'anar taruwar ba: wasu na ganin asara ce, wasu na ganin da zarar buhunan sun cika sauran maganin yana isa inda ake buƙata. A ganina shaida mafi ƙarfi tana gefen cewa imatinib yana aikinsa, tunda ga marasa lafiya nan suna rayuwa. Amfanin hoton shi ne ya rushe zaton cewa duk maganin da ya shiga ƙwayar halitta ya isa wurin aiki.

Akwai magungunan da suka fi sauƙin gani. A zanen Raman akwai wani fili, tsakanin 1,800 da 2,800 a ma'auninsa, inda furotin da kitse da sauran kayan jikin ƙwayar halitta kusan ba sa cewa komai. Idan magani yana da ɗauri mai igiya uku tsakanin ɓurɓushin kabon biyu, muryarsa a wannan fili take fitowa, kamar tari a masallaci ana tsakiyar huɗuba. Erlotinib, maganin kansar huhu, yana da irin wannan ɗauri. A Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus, Samir El-Mashtoly da rukunin Farfesa Klaus Gerwert sun bi shi cikin ƙwayoyin kansar hanji a 2014, har suka ga cewa ƙwayar halittar ta sarrafa shi ya koma wani sinadari dabam. Wannan abu ne da rini ba zai taɓa nunawa ba, domin rini ƙyallinsa ɗaya ne ko maganin ya canza ko bai canza ba.

Ponatinib ma yana da ɗaurin. Yana cikin magungunan da ake komawa gare su idan CML ta bijire wa na farko. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinburgh, ciki har da Alison Hulme da Valerie Brunton, suka ɗauki hotonsa a ƙwayoyin CML masu rai, da ɗan adadi irin wanda ake samu a jinin mara lafiya. Sun ga cewa ƙwayoyin da suka koyi jure wa maganin sun fi tura shi juji. Ga mai haɗa sabon magani wannan labari ne mai tsada, domin gara ya san haka a faranti kafin ya kashe shekaru da maƙudan kuɗi a gwajin mutane.

Na'urar ba ta ganin komai da komai. Ta fi ganin magani inda ya taru, inda kuwa ya bazu siriri yakan ɓace mata, kuma sau da yawa nan ne ainihin wurin aikinsa. Ga tsada, ga buƙatar ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Ba abin da za a gani a asibitin koyarwa na Kano ko Zariya gobe ba ne, kuma mara lafiya ba ya buƙatarta. Gwajin jini mai auna BCR-ABL duk bayan 'yan watanni shi ke gaya wa likita ko magani yana ci.

Da alli ne fa?

A tambayar farko ta Kawu kuwa, hasken Raman ya riga ya isa gida. A zamanin Dakta Paul Orhii, wanda ya karɓi ragamar NAFDAC a 2009, hukumar ta fara amfani da wata na'urar hannu mai suna TruScan a tashoshin ruwa da filayen jiragen sama da kasuwannin magani. Ana ɗora ta a kan ƙwaya, ko da tana cikin ledarta, ta gwada zanen da ta samu da na maganin gaske da ke ajiye cikinta, ta ce ya dace ko bai dace ba. Hukumar takan ce ita ce hukumar kula da magunguna ta farko a duniya da ta yi hakan. Dalilin a bayyane yake: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci.

Na'urar hannun tana da iyaka. Ta ƙware wajen gano ƙwayar da babu magani a cikinta sam, amma wadda aka ɗan rage wa ƙarfi tana iya wuce ta, kuma wasu launuka da ake yi wa ƙwaya suna rufe siginar. Dole a kai ɗakin gwaji don tabbatarwa.

Masu CML a Najeriya sun ɗan sami kariya daga wannan masifa ta wata hanya. A 2003 aka fara ba da imatinib kyauta ta shirin Novartis da gidauniyar Max, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi a lokacin, shi ne ya zama cibiyar karɓa. A lokacin mutum kan taso daga Katsina ko Maiduguri ya kwana a hanya don ya karɓo, wahala ce babba, amma ya san daga inda ƙwayar ta fito. Haɗarin yana ga wanda cutarsa ta bijire, ko mai wata kansar dabam, wanda dangi za su shiga neman magani mai tsada ta kowace kafa. Sau da yawa mu da ke waje ake bugo wa waya. Mu ne ke shiga intanet mu ga shafin da ke sayarwa da rabin kuɗi, mu ne kuma ke neman matafiyi mu ba shi saƙo. Ni dai ba na sayen maganin kansa sai daga kantin da ke da rajista kuma da takardar likita, ba na kuma karɓar ƙunshin da ban ga cikinsa ba, ko na wane ne.

A farkon 2019, daidai lokacin da ɗalibar nan ke tsare a Saudiyya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun Iclusig, sunan kasuwa na ponatinib, wanda aka samu a Turai da nahiyar Amurka, ana kuma sayar da shi ta intanet. Kwali da rubutun Turanci da lambobi duk sun yi kama da na gaske. Da aka kai ƙwayoyin ɗakin gwaji, babu ponatinib ko kaɗan, farasitamol ne a ciki. Na'urar Raman za ta gane hakan nan take, domin farasitamol ba shi da ɗaurin nan mai igiya uku, filin da ya kamata a ji muryar maganin zai kasance shiru. Amma masu shan sa mutane ne da sauran magunguna suka riga suka gaza musu, kuma babu mai na'urar a gidansa. Abin da hukumar ta iya ba su shi ne hotunan kwalayen da lambobin rukunin da aka kama, ta ce kowa ya ɗauko nasa ya gwada, wanda ya ga lambarsa a ciki ya daina sha ya nemi likitansa.